Yadda Ake Karanta Tsofaffin Labaran Jira Da Son Ɓoye

Wata ƙanwata ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare ta jawo wannan rubutun. Na bata wani tsohon littafi ta karanta lokacin hutu, kwana biyu sai gata ta dawo min dashi tana tura baki, wai "Yaya ni fa banga abinda ya faru a ciki ba, mutum yana son mutum shekara da shekaru ya kasa buɗe baki, toh me zan karanta anan?" Banga laifinta ba, ta saba da irin waɗanda ake turowa a WhatsApp kullum da daddare, kafin a kai shafi na goma an haɗu, an karɓi lamba, anyi faɗa an shirya har an kai lefe. Amma maganar ta tsaya min a rai, dan wallahi irin waɗannan labaran na jira da son da ba'a furta ba sune suka fi komai taɓa ni a duk abinda na karanta, kuma na lura karanta su ma sai an koya, idan ka shige su da gaggawa zaka fito hannu rabbana. Ga yadda ni nake yi, wanda yaga zai masa amfani ya gwada.

Ka fara daga gida tukunna. Mu nan Zazzau bamu da uzurin cewa abin baƙo ne a wajenmu, duk wanda ya taɓa zama a zauren malamai a cikin gari, wajen su Unguwar Juma ko Kona, har ya kai ga karatun Shu'ara, ya san yadda waƙoƙin Larabawan jahiliyya suke buɗewa. Mawaƙi ya tsayar da raƙuminsa a kufai, inda ƙabilar masoyiyarsa ta taɓa zama ta tashi, yace wa abokan tafiya ku tsaya muyi kuka. Ina tuna wata safiya da sanyi, muna zaune akan tabarma kowa ya ƙudundune cikin mayafi, malam yana fassara mana Imru'ul Ƙais gaɓa-gaɓa, da yazo inda mawaƙin yake cewa kashin barewa ya warwatsu a filin gidan kamar ƙwayar masoro sai ya dakata yace, kun gane? Wurin da barewa ta samu sakewa haka, ai mutane sun daɗe da barinsa. Ba'a faɗi yawan shekarun ba, kashin barewa ne ya faɗa. Shi kuwa Zuhairu ya faɗa ƙarara, yace bayan shekara 20 ya koma kufan Ummu Aufa, da ƙyar ya gane wurin, sai da yaga duwatsun murhu da hayaƙi ya baƙanta. Idan ka riƙe wannan hoton guda ɗaya, mutum tsaye a kufai yana neman alama, ka samu makullin sauran duka.

Daga nan ka wuce wajen Ƙais ɗan Mulawwah wanda ake kira Majnunu Laila, mutumin Banu Amir a ƙasar Najadu, labarinsa yana cikin Kitabul Agani na Abul Faraj, daga baya Nizami ya mayar dashi doguwar waƙa da Farisanci a 1188. Sai kuma namu na Hausa. Kar ka manta anan Zariya ofishin Rupert East, Baturen da ke kula da harkar rubuta littattafan Hausa, yake lokacin da aka yi gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Shaihu Umar da Jiki Magayi. Shi Jiki Magayi ma ɗan Wusasa ne ya rubuta shi, John Tafida, tare da East ɗin. Abubakar yana son Zainab, mai kuɗi Malam Shaihu ya shiga tsakani ya aure ta, shi kuma ya tafi yawon neman abinda zai rama dashi, a ƙarshe abin ya faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta. Wannan jiran da ya ruɓe ya koma gaba kenan. A Shaihu Umar kuwa uwa ce, ta bi ɗanta har hamada, aka bautar da ita a hanya, kuma da suka haɗu ɗin bata daɗe ba ta cika. Nasan wani zaice ai wannan ba soyayya bace, ni kam a wajena babu jiran da ya kai na uwa a duk littattafan nan.

Abu na gaba, ka samu 'yar takarda ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, duk labarin da ka ɗauka ka tambayi kanka wane irin jira ne wannan. Akwai wanda aka yi alkawari aka rabu, kowa ya san da kowa, lokaci ne kawai ya shiga tsakani. Akwai wanda an san ana so amma iyaye ko dangi ko talauci sun hana, irin na Majnun da na Antara, jarumin mawaƙin Larabawa, da masoyiyarsa Abla. Sannan akwai mafi ciwo, wanda ake so bai ma san ana yi ba. Idan baka raba su ba zaka rinƙa jin haushin mutanen da basu cancanci haushi ba, kamar yadda ƙanwata tayi.

Toh yanzu ga inda nake so ka rage gudu sosai. Mai jira baya zama hannu sake, kullum akwai wani ɗan abu da yake yi da hannunsa yana maimaitawa, kuma marubutan ƙwarai anan suke ɓoye labarin gaba ɗaya. Ka nemo wannan abin. A waƙar Odisi ta Homa, mutumin Girka, Odisiyus yayi shekara 20 baya gida, 10 a yaƙin Taroi 10 a hanyar dawowa, manema sama da ɗari suka cika gidan suna cin dukiyarsa suna matsa wa matarsa Fenelofi ta fidda gwani. Tace su bari ta gama saƙa likkafanin surukinta, da rana ta saƙa da dare ta kunna fitila ta warware, haka tayi shekara uku kafin wata baiwa ta tona mata asiri. Ka tsaya ka auna, mace ta zauna tana warware aikin da ta wuni tana yi, kowane dare. A Great Expectations na Dickens, 1861, akwai matar da ango ya yaudara ranar aure, ta tsayar da duk agogon gidan a ƙarfe tara saura minti ashirin, bata ƙara cire kayan amarcin ba har suka yi rawaya a jikinta. Su biyun duka lokaci suke ƙoƙarin riƙewa, amma ɗaya tana kare gidanta ne ɗaya kuma tana binne kanta da rai, kuma daga abinda hannunsu yake yi zaka gane bambancin, ba sai an faɗa maka ba.

Ni na san wannan tun kafin in karanta ko ɗaya daga cikinsu. Akwai wata gwaggonmu a Tudun Wada, mijinta ya tafi ci-rani kudu muna yara, aka daina jin ɗuriyarsa. Duk dare idan an kwashe tuwo sai ta zuba malmala biyu a kwanonsa na sha-ka-ɓoye, wani koren kwano da bakinsa ya ɗan ɓantare, ta rufe da faifai ta ajiye a kan randa. Da safe ta ɗumama ta miƙa wa almajiri. Bata taɓa cewa komai akai ba, ko sunansa bata kamawa dama, kuma babu wanda ya isa ya tambaye ta. Ranar da na karanta labarin masaƙar Fenelofi kwanon nan ne ya faɗo min a rai, na ajiye littafin na daɗe ban ɗauka ba. Shi yasa nake cewa idan kana karatun nan ka rinƙa duba gidanku, akwai mai irin wannan kwanon a kusan kowace zuri'a.

Bayan abin hannu, sai ka sa ido kaga waye yake fara ganewa. Wannan ita ce dabarar da tafi min daɗi, kuma da wuya ka ga ta saɓa, wanda abin yafi shafa shine na ƙarshen gani, na ƙasa-ƙasa waɗanda ba'a ɗauke su komai ba su suke fara ganewa. Da Odisiyus ya dawo cikin tsumma kamar mabaraci, tsohon karensa da aka yasar akan juji ne ya fara shaida shi, ya kaɗa wutsiya ya sauke kunnuwa, bai iya tashi ba, anan ya mutu. Sai tsohuwar da ta rene shi, tana wanke masa ƙafa a matsayin baƙo hannunta ya taɓa tabon da gadu ya ji masa tun yana saurayi. Ita kuwa matar sai da ta gwada shi, tace a fito masa da gadonsu waje, ya fusata yace wa ya isa ya motsa gadon da ya sassaƙa da hannunsa a jikin kututturen zaitun mai rai, wannan sirrin nasu ne su biyu, nan ta fashe da kuka ta rungume shi.

Haka a wani ɗan gajeren littafi na Stefan Zweig ɗan Ostiriya, 1922, wanda da Turanci ake kira Letter from an Unknown Woman. Wani shahararren marubuci a birnin Biyana ya samu doguwar wasiƙa ranar da ya cika shekara 41, daga matar da ta fara sonsa tun tana 'yar shekara 13 suna maƙwabtaka ƙofa da ƙofa. Ta girma, sun haɗu, har ta haifa masa ɗa bai sani ba, duk shekara ranar haihuwarsa tana aika masa fararen furanni ba suna, sun sake haɗuwa bayan shekaru bai gane ta ba, har ya cusa mata kuɗi a ɓoye kamar wata 'yar hanya. Tana fitowa da hawaye taci karo da tsohon baransa a bakin ƙofa, kallo ɗaya ya mata ya gane yarinyar nan ce ta gidan da ke kallon nasu. Bara ya gane a daƙiƙa ɗaya abinda maigida ya kasa a rayuwa guda. Idan kazo irin wannan wurin kar ka wuce, ka koma baya ka sake karantawa, ka tambayi kanka me yasa shi ya gani wancan bai gani ba. Masu son finafinan Indiya kuma su nemi wasan kwaikwayon Shakuntala na Kalidasa, can ma wani masunci ne ya tsinci zoben sarki a cikin kifi, sai da sarki yaga zoben sannan ya tuna da matar da ya kora a gaban fada yace bai santa ba. Mu da muka taso da Suratu Yusuf mun riga mun san nauyin wannan abin, 'yan'uwansa suka shigo ya gane su, su basu gane shi ba, mahaifin da idonsa ya tafi saboda baƙin ciki shi yaji ƙanshinsa tun daga nesa. Wancan gaskiya ce daga Allah, ba'a haɗa ta da ƙagaggen labari, na kawo ne dan kaga zuciyarka ta riga ta san hanyar.

Sai tambayar da ƙanwata tayi, me ya hana su magana? Kar ka amsa da hankalin mai waya a hannu. Ka nemi dalilin a cikin zamaninsu, kuma mu Hausawa mun fi kowa sauƙin ganewa dan mun san kunya da kara, mun san matar da zata shekara arba'in bata faɗi sunan mijinta ba, mun san saurayin da zai ga amininsa ya fara zuwa zance gidan da shi yake so sai ya haɗiye ya zama shine ma ɗan rakiya. Wanda zai taimake ka anan shine Ibn Hazm na Andalus, babban malamin fiƙihu ne fa, an haife shi a Ƙurɗuba a 994, ya rubuta Ɗauƙul Hamama mai babi 30 akan so, akwai babin alamomin so, da na ɓoye sirri, da na ɗan aike, da na rabuwa, da na wadatuwa da ɗan abinda aka samu. Ya bada labarin kansa ma, cewa wadda yake so ta rasu yana ƙasa da shekara 20, yayi wata bakwai bai tuɓe tufafinsa ba. Ni shawarata ka karanta babin ɓoye sirri kafin ka shiga littattafan Turawa, zaka ga duk abinda suke kewaye-kewaye akai shi ya riga ya jera shi, yadda mai so yake musu da baki fuska tana ƙaryata shi. Dama Bahaushe yace labarin zuciya a tambayi fuska.

Wanda zan fara baiwa duk mai koyo a na Ingila shine Persuasion na Jane Austen, ya fito a ƙarshen 1817 bayan rasuwarta. Anne tana shekara 19 wata aminiyar mahaifiyarta, wadda take mata kamar uwa, ta lallashe ta ta fasa auren wani sojan ruwa saboda bashi da komai. Bayan shekara 8 ya dawo da kuɗi da muƙami, suna haɗuwa a gidajen 'yan'uwa ana gaisawa sama-sama kamar ba'a taɓa sanin juna ba, tana ji tana gani ana haɗa shi da wasu 'yan mata. Wallahi ka canza sunayen kawai ka ɗauka a Sabon Gari ko Gyallesu abin ya faru. Abinda zaka rinƙa bi a ciki ƙananan abubuwa ne, ya ɗauke mata yaron da ya ɗale mata baya ba tare da yace uffan ba, ya lura ta gaji da tafiya ya sa aka ɗauke ta a keken doki. Idan kana jiran a faɗi "ina sonki" zaka gaji, amma idan kana ƙirga waɗannan zaka ga an faɗa tun tuni.

Duk inda wasiƙa ta fito, ka karanta ta da murya. Wannan ba wasa nake ba, ka rufe ƙofa ka karanta a bayyane a hankali, dan a irin waɗannan labaran wasiƙa ita ce inda shirun shekaru yake fashewa, kuma ido shi kaɗai yana saurin tsallake ta. A wasan kwaikwayon Cyrano na Faransa, 1897, mutumin yana ganin muninsa ya hana shi furtawa, sai ya rinƙa rubuta wa wani kyakkyawan saurayi wasiƙun da yake baiwa yarinyar da shi kansa yake so. Saurayin ya mutu a yaƙi, shi kuma ya shekara goma sha wani abu yana kai mata ziyara duk Asabar bai faɗa ba, sai ranar ajalinsa ya roƙi ta bashi wasiƙar ƙarshe ya karanta, duhu ya shiga har ba'a ganin rubutu amma shi yana ta karantawa, anan ta gane. Ka gwada karanta wannan wurin bayan magariba ranar da babu wuta kaji yadda zai maka.

Akwai abinda nake so in faɗa da gaske saboda ƙannenmu. Kar daɗin rubutu ya sa ka ɗauka duk jiran nan abin koyi ne. Ni ina girmama Fenelofi dan da aure da alkawari a tsakani, ina girmama Anne dan bata daina amfanar mutane ba tana jiran, ita ce mai jinya ita ce mai lallashi a gidan kowa. Amma matar cikin wasiƙar Zweig tausayinta nake ji har cikin raina, ba zan so 'yata ko ƙanwata ta bi sawunta ba, ta ƙarar da rayuwarta akan mutumin da ko fuskarta bai riƙe ba, son maso wani ƙoshin wahala kenan, jiran gawon shanu. Kuma ina ganin marubucin ma so yake muga makantar namijin, shi yasa ya ƙare da shi zaune yana kallon kaskon furen da babu komai a ciki karo na farko, yana lalube a ƙwaƙwalwarsa ya kasa haɗa fuskarta. Dan haka idan ka gama kowane littafi ka rubuta layi biyu, wa jiran ya amfana, wa ya cinye. Idan kuna da yawa ma yafi, ku haɗu ku uku ko huɗu kuyi musu akai, mu muna yi a wajen wani mai shayi a Samaru bayan isha'i, kuma har yau bamu daidaita akan Cyrano ba, wasu sunce sadaukarwa ce ni nace ya zalunci yarinyar da ya barta tana makokin wanda ba shi ya rubuta mata ba.

Maganar inda za'a samu kuma ba wuya. Na Hausa ka duba masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, bugun kamfanin ɗab'i na Arewa ne, wato NNPC, idan ɗalibi ne kai a jami'ar ABU ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana nan. Na Turanci da suka tsufa irin su Persuasion da Odisi da Cyrano kyauta suke a intanet a Project Gutenberg, basa cin data, ka sauke ka ajiye a waya. Ɗauƙul Hamama yana Maktaba Shamila, rumbun littattafan Larabci na intanet, ga mai Larabci, akwai kuma fassarar Turanci ta Arberry. Shu'ara kuwa kar ka karanta kai kaɗai, ka nemi malami ya biya maka. Idan Turancin ya maka nauyi ka karanta taƙaitaccen labarin tukunna, sanin ƙarshe baya rage komai a irin waɗannan, asalima yana ƙara maka ido. Kar ka wuce babi biyu a zama ɗaya, kuma ka kashe data lokacin.

Ita dai ƙanwar tawa na sake miƙa mata littafin, dama Persuasion ɗin ne, nace wannan karon ta ɗauki fensir, duk inda Anne taso yin magana ta haɗiye ta ɗiga alama a gefe. Shekaranjiya na leƙa ɗakinsu na tarar ta kai babi na tara, gefen shafukan duk ɗige-ɗige, ta ɗago kai tace min Yaya dan Allah kar ka faɗa min ko ya gane.